Kwanan Kyauta a Jos: Zauren Fatoma da Gadon Hill Station

A 1938 aka buɗe masaukin Hill Station a kan tudu, ta wajen Tudun Wada a Jos, kuma ba don mu aka gina shi ba. Garin yana sama da mita 1,200 daga doron teku, sanyinsa ya yi wa Turawan mulki daidai. Di'o ko joji da ya shekara yana fama da zafi da sauro a Lokoja ko Makurɗi ko Yola, idan aka ba shi ɗan gajeren hutun da bai isa a tafi Ingila ba, sai ya hau Filato, ya kwana cikin bargo, ya ci dankalin Turawa da sabon kabeji. 'Yan mishan na SIM su ma sun yi nasu gidan hutun a Miango. Wato tun farko gadon Hill Station lada ne, ana ba wanda ya yi wa gwamnati biyayya a inda wuya take. Ko Sarauniya Elizabeth, da ta zo Najeriya a farkon 1956, a Jos ta tsaya ta huta, ta sauka a gidan gwamnati na Tudun Wada, ta yi ibadar Lahadi a cocin St Piran.

Ɗan ƙasa kuwa yana shiga irin waɗannan wurare ne ta ƙofar baya, a matsayin kuku ko boyi ko mai wanki ko mai gadi. Sai a 1947 maganar ta fashe a Legas, lokacin da otal ɗin Bristol ya hana Ivor Cummings ɗaki. Jami'i ne daga ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan, laifinsa baƙar fata. Jaridu suka yi ca, Gwamna Arthur Richards ya fito ya ce a daina wariyar launi a otal-otal da asibitoci. Doka ta buɗe ƙofa, kuɗin ɗaki ya ci gaba da tsare ta.

Kuɗin da ya gina barikin Jos daga kuza ya fito. Tun farkon shekarun 1900 ma'aikatan kamfanin Neja suka kafa sansani a Naraguta, a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso, a 1927 babban layin ya zo ta Kafanchan. Kakana yana cikin samarin da suka biyo wannan hanya daga ƙasar Kano, da kwano a ka, suna kwasar laka daga rami zuwa inda ake wankewa, helima yana tsaye yana ƙirga. Shi da ƙafarsa ya zo. Wasu ba haka suka zo ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar ma'adanar kuzarta, sai aka shiga kwaso mutane ala tilas daga larduna, abin da tsofaffi ke kira diban gwamna. Dubbai aka kawo daga ƙasashen zafi, ba bargo ba wadataccen abinci, sanyin da Bature ke zuwa nema shi ya kashe da yawa daga cikinsu.

Ramukan nan ne kuma suka tono abin da baƙi ke zuwa kallo a yau. A 1928 aka tsinci wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. A 1943 wani kai ya fito a wajen Jama'a, malamin da ke rubuta sunayen leburori ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya don korar ɓarna, har wani Baturen kuza ya gani ya kai wa Bernard Fagg a Jos. Fagg ma'aikacin mulki ne da ya karanci ilmin tono kayan da. Ya lura aikin hannun iri ɗaya ne, ya bi sansanonin kuza yana roƙon kada a fasa abin da aka tono. Daga nan aka gane cewa mutanen da suka yi waɗannan kawuna sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma sun narka ƙarfe, kamar yadda aka gani a Taruga. Masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka fara aiki a 2005, sun mayar da farkon zamanin Nok can wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos, ƙasa kaɗan da Hill Station, tafiyar ƙafa. Daga baya Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan Folan, ya jagoranci gina kwafin ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, a filin da ke bayansa. Don haka mai kuɗi yana iya karya kumallo a otal, ya gangara ya ga kan Nok kafin rana ta ɗaga. Mu 'yan Nasarawa Gwom, a yarinta, gidan zu da ke gefen muke zuwa ranar Sallah. Kawunan yumɓun ba su dame mu ba, birai muka biya kuɗi mu gani.

A ɓangarenmu na gari akwai wani kwanan kyautar, wanda ya girmi Hill Station nesa ba kusa ba. Da kakana ya bar kuza, sai ya zama fatoma. Ya fara a Gangare, daga baya gida ya koma Nasarawa. Baƙinsa 'yan goro ne da masu kawo kaya daga Kano da Zariya, wasu lokuta da masu shanu daga wajen Bauchi. Na tarar da ƙarshen sana'ar a hannun mahaifina, kuma abin da na fi tunawa shi ne zaure a cikin hunturu: kaskon gawayi a tsakiya, tabarmi jere, huhunan goro jingine da bango ana yayyafa musu ruwa, mu yara muna fito da kwanukan tuwo daga cikin gida. Ba wanda ya taɓa tambayar baƙo kuɗin ɗaki ko na abinci, ko da zai yi wata guda. Tambayar ma abin kunya ce.

Amma fatoma ba waliyyi ba ne. Baƙon da ya sauka a gidanka, ta hannunka zai sayar. Dillalanka su nemo mai saye, a yi ciniki, la'ada ta shigo. Mafi nauyin aikin shi ne lamuni. Yawancin ciniki bashi ne, baƙo bai san mai saye ba, fatoma ya sani. In mai saye ya gudu ko ya karye, mai gida ne zai biya daga aljihunsa, in ba haka ba labari ya riga shi isa Kano, baɗi zaurensa ya zama fayau. Shi ke ajiyar kuɗin baƙo, shi ke zuwa belinsa in ya yi karo da 'yan doka, shi ke kai shi asibiti, in ajali ya zo shi ke tsayawa a yi masa sutura ya aika wa iyalinsa kayansa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta littafi a 1969 kan yadda wannan tsari ya riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Mu nan ba karantawa muka yi ba, mu ke ɗaukar buta.

Tsohon baƙo kuma yana da matsayi. Wanda ya shekara goma yana sauka a gidanmu ba a zaure yake kwana ba, ana share masa ɗakin soro, a ba shi bargon Alhaji, a yanka kaza ranar da ya iso, a sassauta masa la'ada, in jarinsa ya yi rauni a ba shi kaya ya tafi sai ya dawo. Ba a rubuta wannan a ko'ina. A kan mai gida yake, da kan uwargida, wadda ta fi shi sanin wane ne ba ya cin kuka, wane ne ke son yaji da yawa. Baƙon da ya sauya masauki ba dalili kuwa, an daɗe ana maganarsa.

Ɗan yayata, wanda aiki ke kai shi ƙasashe, shi ya fara nuna mini kwanan kyauta na zamani a wayarsa. Ya ce, "Kawu, ka ga wannan? Maki ne. Kowane kwana da ofis ya biya mini ana zuba mini, da su na kwana gaban dalar Giza ban ba da ko sisi ba." Otal ɗin da ya sauka shi ne Mena House, gidan farauta da aka gina wa Khedive Isma'il a 1869, shekarar da aka buɗe mashigin Suwez, aka mayar da shi otal a shekarun 1880. A can Churchill da Roosevelt da Chiang Kai-shek suka yi taron Alƙahira a 1943. Tun 2018 Marriott ke tafiyar da shi. Na ce masa, "Ɗana, to wa ya biya?" Ya yi dariya ya ce kamfani.

Kamfanin otal ɗin ba daga aljihunsa ya biya ba. American Airlines ne ya shahara da dabarar ba da maki a 1981, Holiday Inn da Marriott suka kawo ta otal a 1983, Hilton ya bi a 1987, shekarar da aka buɗe Nicon Noga Hilton a Abuja, wanda yanzu ake kira Transcorp Hilton. Duk kwanan da mai kati ya biya, otal yana cire wani kaso ya zuba a asusun tsarin. Ranar da ya zo da makinsa, daga asusun ake biyan otal ɗin, kuma in ɗakuna ba su cika ba kuɗin da ake ba shi kaɗan ne, tunda dama gadon zai kwana ba kowa. Bankuna ma suna sayen maki da yawa su raba wa masu katin bashi. La'adar kakana ce aka yi wa lissafi da kwamfuta, kuma ban ga aibu a nan ba. Inda na tsaya shi ne lamuni. Kamfani na iya wayar gari ya ce ɗakin da ake bayarwa a maki kaza yanzu sai ninkinsa, ba wanda zai kai ƙara. In aka sace maka jaka a kasuwar Khan al-Khalili, katin zinare ba zai zo caji ofis ya tsaya maka ba. Shi kuma fatoma, gaskiya, yana iya danne baƙo a farashi, ya haɗa baki da dillali, baƙon bai sani ba. Mai maki aƙalla yana ganin lissafinsa a waya.

Alhazanmu sun fi kowa sanin wannan harka yanzu, domin manyan otal ɗin da ke kallon Harami a Makka, irin na Jabal Umar, da yawansu na waɗannan kamfanoni ne, kuma akwai 'yan kasuwar Kano da Abuja da ke tara maki shekara guda saboda Umrar azumi. Benen agogon nan na Makka ma a kan tudun da tsohuwar ganuwar Ajyad ta Turkawa take aka gina shi, bayan an rushe ta a 2002. A can otal ya cinye kayan tarihin da ke gefensa.

A Jos kuwa mai maki ba shi da inda zai kashe su, don Hilton da Marriott ba su da reshe a garin. An so a yi. Tun zamanin Gwamna Solomon Lar aka fara wani katafaren otal ta wajen Lamingo, wanda mutanen gari ke kira Sheraton, ya shekara da shekaru kango. Bayan samun 'yanci Hill Station ya shiga sahun Hamdala ta Kaduna da Central Hotel ta Kano, wurin taron manyan ma'aikata da amarcin masu hali. Sai farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, kamfanoni suka tattara, suka bar mana kududdufai. Rikicin Satumban 2001 ya zo, babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, aka sake rikici a 2008 da 2010, kuma unguwarmu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Tun daga nan baƙon da zai kwana a Jos, Musulmi ko Kirista, kafin ya tambayi kuɗin ɗaki yakan tambayi unguwa.

Wannan tambaya ta ɗan dawo da darajar mai masauki. Waya da tura kuɗi ta banki sun rage masa aiki ƙwarai, don mai kaya yanzu yana iya sayarwa yana zaune a garinsu. Amma a Farin Gada, inda ake lodin tumatir da kabeji da karas zuwa Kudu, da wajen 'Yan Shanu, har yau baƙo yana da mutuminsa da yake kira kafin ya taso, wanda zai ce masa ya biyo ta kaza, kada ya shigo bayan magariba. Zaurenmu dai an raba shi biyu bayan rasuwar mahaifina, gefe ɗaya mai cajin waya ke haya, ɗaya gefen ƙanina ya zuba buhunan dankali.