Tarihin Fataucinmu a Cikin Adudun Kakanni

Duk shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan cika wannan mujalla da sunayen shugabannin da suka gabata da lissafin ayyukan da aka yi. Bana mun ga ya kamata mu koma baya fiye da haka, domin fataucin da ya haɗa mu ya girmi ƙungiyar, ya girmi kwastan, ya kuma girmi iyakokin da muke tsayawa a kansu ana buga mana hatimi. Mafi yawan shaidar wannan tsohon fatauci tana nan kwance cikin adudu da akwatin ƙarfe da ƙasan kwalla a ɗakunan iyayenmu mata, daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Damagaram zuwa Maigatari, daga Gaya zuwa Kamba, har zangon Kumasi.

Wasu daga cikinmu sun kamu da son tono irin waɗannan kaya, kuma wanda ya ɗanɗana bai cika dainawa ba. Akan ci karo da gafaka, da tandu, da tasar tagulla, da guntun turkuɗin Kura da har yanzu yake shafa wa yatsa baba. Amma abin da aka fi samu, ƙulle a tsumma, shi ne tsofaffin kuɗi. Daɗin abin yana wajen bin diddigi: a ɗauki abu ɗaya a tafin hannu, a tambaye shi daga ina ya fito, wa ya kawo shi gidan nan, me aka saya da shi.

Mu fara da wuri, tunda kalmar kuɗi kanta jam'insa ce. Wurin da kakanninmu suka fara kashewa daga tsibiran Maldibs yake zuwa, can cikin tekun Indiya, ya bi ta Turai a jirgin ruwa kafin ya sauka gaɓar Afirka ta Yamma ya hauro arewa. Daga shekarun 1840 'yan kasuwar Jamus suka shiga jigilar wani iri daga wajajen Zanzibar, mai araha, suka cika kasuwanni da shi har darajar wuri ta yi ta faɗuwa. Wanda ya zube wurin kakarsa a faifai zai iya rarrabe su da ido. Na Maldibs ƙarami ne, bayansa da 'yan ƙulle-ƙulle. Na Zanzibar yana da zobe mai ruwan ɗorawa kewaye da bayansa. Idan mai zoben ya fi yawa a ƙullin, to ana iya cewa ajiyar ta ƙarshen zamanin wuri ce.

Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canza liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Keso guda kuwa wuri 20,000 ne. Ke nan keso cur, wanda sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga, liyari takwas ne kacal, abin da mutum zai zuba a aljihun taguwa ya yi tafiyarsa. Ga kuma wahalar ƙirga, biyar-biyar ake ja da yatsu, a tara ɗari-ɗari, a haɗa zambar. Mu da muke ƙorafi idan sabis ya ɗauke ana tsakiyar tura kuɗi, mu tuna akwai waɗanda suka wuni a durƙushe kafin a gama biyan kuɗin doki ɗaya.

Wannan nauyi shi ya sa fatake suka ƙaunaci liyari, kuma shi ne abin da ya fi ruɗa masu tono a yau. Azurfa ce mai faɗi, nauyinta kusan giram 28. A fuska ɗaya akwai hoton wata mace mai jiki da mayafi a kanta, a ɗaya fuskar mikiya mai kai biyu, a gefen kuma an zagaye da rubutu don kada wani ya kankare azurfar a ɓoye. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Kusan duk wanda za ka samu a ƙasashenmu yana ɗauke da shekarar 1780, sai mai shi ya yi ta murna, wai ya gaji kuɗin da ya haura shekara ɗari biyu da arba'in. A yi hattara a nan. A 1780 sarauniyar ta rasu, amma 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da Afirka sun riga sun yarda da wannan azurfa, ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama. Sai aka ci gaba da bugawa da hoton nan da shekarar nan ba canji. An buga a Biyana, daga baya aka buga a Landan da Faris da Rum da Bombai, har yau ma ana bugawa a Ostiriya, duk da 1780 a jiki. Saboda haka liyarin da ke adudunka zai iya zama ya keto Sahara daga Tarabulus ta Gat da Agadas a zamanin Barth, zai iya kuma zama wani alhaji ne ya zo da shi tsaraba daga Jidda shekara sittin da suka wuce.

To yaya za a gane? Masana kuɗi suna duba ƙananan alamu a jikin tambarin da 'yar ƙawar da ke kafaɗar sarauniyar, su faɗi ma'aikatar da ta buga. Mu kuwa muna da abin da su ba su da shi, wato mutanen gida. Idan an huda liyarin ko an liƙa masa kunne, to ya daɗe da barin kasuwa ya koma wuyan mace, sai a tambayi wace ce, a wane aure ta samu, daga wane gari aka kawo ta. Idan fuskar ta lashe har ba a ganin gashin sarauniyar, ya sha hannu, kuma ba a shekara goma azurfa take lashewa haka ba. A ra'ayinmu wannan hanya ta fi ta masana amfani gare mu, domin ita ce take fito da sunan mutum da na gari. Sau da yawa tambaya ɗaya kan azurfa ɗaya takan sa tsohuwa ta yi awa biyu tana zuba labarin da 'ya'yanta ba su taɓa ji ba.

Da yawan waɗannan labarai kan hanyar Gwanja suke ƙarewa. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ko a bi ta Sansanin Mango da Yandi, a sauka Salga a sayo goro. Madugu ne ke ja, jagaba yana gaba, a kowane zango a biya fito ko gaisuwar sarki. Zuwa da dawowa yakan ci watanni, wani lokaci shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka yi suna a wannan hanya. Da Ingilishi suka ci Asante a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, sai kasuwar ta koma Karaci da Kintampo da Kumasi, kuma daga nan zangunan Gana na yau suka samo ƙarfi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko ya hau jirgi, jakuna suka huta.

Daga wannan zamani akan samu wasiƙu, da Larabci ko da ajami, naɗe cikin gafaka: sallama mai tsawo, sannan batun bashi, ko ajiya, ko sanar da rasuwa a hanya. Alhaji Umaru Salga, wanda aka haifa a Kano ya kuma rasu a Karaci a 1934, har littafi ya wallafa kan yadda ake rubuta wasiƙa, abin da ke nuna yadda fatake suka dogara da takarda. Wanda ya samu irin wannan takarda ya ɗaga ta sama ya duba ta a hasken rana. Idan ya ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, to irin wadda ake yi a Italiya ce, wadda ta daɗe tana shigo mana ta Tarabulus.

Sai Turawa suka zo suka raba ƙasa, aka kafa alamomin iyakar Nijar da Nijeriya tsakanin 1906 da 1908, kowane ɓangare ya shigo da kuɗinsa. A ɓangaren Ingilishi an hana shigo da wuri a 1904, a 1907 aka fito da kwabo da anini masu huda a tsakiya, don mutanen da suka saba zura kuɗi a zare. A jikinsu akwai tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, bai jure ba, aka koma farin ƙarfe a 1908, don haka wanda ya samu anini marar nauyi kamar ɓawon gyaɗa ya riƙe shi da kyau. Akwai kuma na 1936 masu sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga sarautar Ingila kafin shekara ta ƙare. A ƙasarsa ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma a kasuwar Kurmi an sayi daddawa da shi. Ba su da wata tsada, an buga su da yawa, sai dai labarin ya isa a nuna wa yara.

Sule mai hoton kwakwar manja ya biyo baya a 1913. Da irin wannan azurfa Alhasan Ɗantata ya buɗe ajiya a bankin Turawa na Kano a 1929, kayan raƙumi ashirin, kamar yadda labarin ya shahara.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda waɗannan kuɗi suka mutu suka bar sunayensu a bakinmu. Rabin kwabo ana ce masa ɗari, saboda wuri ɗari ake canza shi a wani zamani. A Nijar har gobe da dala muke ƙirga, ita kuwa dala tamma biyar ce, sunan babbar azurfar da ta yi kama da liyari, shi ya sa ɗan Kano da ya zo Maraɗi karo na farko aka ce masa dala ashirin sai ya tsaya yana kallon ɗari a jikin kuɗin. Jika a Nijar sefa dubu ce, wato dala 200. Jaka a Nijeriya fam ɗari ce, da naira ta zo ranar 1 ga Janairu 1973 ta zama naira 200. Su ma mutanen Gana da suka yi sabon kuɗi a 1965, sidi suka kira shi, sunan wuri a harshen Akan. Wanda ya ce ba shi da ko anini, ko sisin kwabo, yana ambaton kuɗin da jikokinsa ba su taɓa gani ba.

Ba duk abin da ke cikin adudu ne mai daɗin tunawa ba. A wasu gidaje akwai akwatin da ya dawo daga Kumasi ko Ankara a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. A wasu kuma akwai damin takardun naira da ba a taɓa kashewa ba. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin naira ta kuma rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai Maris 1986, kuma 'yan uwanmu da yawa na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram suka wayi gari da jarinsu ya zama takarda. A Janairun 1994 sai abin ya juyo kan masu sefa, aka karya darajarta da rabi a dare ɗaya. Matasan da suka shigo sana'ar nan bayan haka ya kamata a ɗora musu damin nan a hannu, su ji nauyinsa, kafin su tara dukan jarinsu a kuɗin ƙasa ɗaya.

Abin da ke damun mu shi ne kayan suna ƙarewa. Ranar rabon gado ana lissafa gida da gona da shago, tarkacen ɗakin tsohuwa kuwa a bar wa yara su yi wasa da shi ko a ba 'yan gwangwan. Liyari yana tafiya wajen maƙera a narka, kamar yadda aka daɗe ana yi a Agadas da Damagaram, a mai da shi zobe. Ga kuma masu yawo gida-gida suna ruɗar mutane wai tsohon kwabo ko dutsen guga yana ɗauke da wani sinadari na miliyoyi. Ƙarya ce, kuma yawancin abin da muka ambata a nan kuɗinsa a kasuwa bai kai na buhun gero ba. Wanda ya sayar ya yi asarar labarin, bai kuma samu abin kirki ba.

Wanda ya samu wani abu kada ya goge shi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, gogewar tana cinye rubutun. Takarda kada a liƙe ta cikin leda da zafi, a shimfiɗa ta tsakanin farar takarda biyu, a nisanta ta da laima da gara. A ɗauki hoton gaba da baya da waya. Sannan a rubuta a 'yar takarda sunan mai shi na farko, garinsa, da sunan wanda ya ba da labarin, a haɗa su wuri ɗaya. Mai son kwatanta nasa da na wasu yana iya leƙa Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Wasiƙun da suka gagari karantawa kuma a fara kai su wajen tsofaffin malaman zaure na unguwa, domin sun saba da irin wannan hannu, wani lokaci ma sun san zuriyar wanda aka rubuta wa.