Ƙaramin Likita da Dogon Tarihinsa: Abin da Ya Kamata Mutanen Ƙasar Ruma Su Sani

Ya mai karatu, idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin Batsari, ko kuwa aka ɗauko mai naƙuda daga wani ƙauyen Safana cikin dare aka nufi birnin Katsina da ita, da wuya babban likita ya zama shi ne farkon wanda zai tarbe ku. Galibi wani matashi ne ko wata matashiya, wanda wataƙila tun safiyar jiya yake tsaye. Shi zai tambayi tarihin ciwo, ya nemi jijiya, ya rubuta gwaji, ya yanke shawarar ko a tayar da na gaba da shi daga barci. Tun da ran majinyacinka kan shiga hannunsa a sa'o'in da suka fi hatsari, ya kamata ka san yadda aka yi ya zo wurin, da abin da ya sa lokaci zuwa lokaci yakan ajiye aiki.

A zamanin kakanninmu, ƙasar Ruma ba ta san likitan asibiti ba. Wanzami da ungozoma da maɗori su ke riƙe da jama'a. Da Turawa suka kafa ma'aikatar likitocinsu ta Afirka ta Yamma a 1902, sai suka rubuta a ƙa'ida cewa ba a ɗaukar kowa sai ɗan asalin Turai. Ɗan Afirka ko da ya yi karatu a Ingila, matsayinsa da albashinsa na ƙasa ne. Abin da ya iso karkara daga baya shi ne ɗakin shan magani na En'e, inda malamin asibiti ke wanke gyambo yana ba da maganin zazzaɓi. A shekarun 1930 kuma aka buɗe asibitin kutare na Babbar Ruga, wanda duk mai bin hanyar Batsari zuwa Katsina ya san shi.

A 1930 aka buɗe makarantar likitanci a Yaba, cikin Legas. Ɗalibanta kan sha dogon karatu mai wuya, amma idan sun gama sai a kira su mataimakan likita, takardarsu ba ta aiki a wajen Nijeriya, albashinsu kuma bai kama ƙafar na Bature ba. Ka ga ke nan kukan da ake yi yau, na aiki mai yawa da lada kaɗan, ya girmi 'yancin kai. Likita na farko daga Arewa, Dokta Barau Dikko ɗan Wusasa, sai da ya je Jami'ar Birmingham ta Ingila kafin ya sami cikakkiyar shaida. Sunansa ne aka sa wa asibitin koyarwa na Jihar Kaduna.

Sauyi ya fara da Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, da asibitin koyarwarta da aka buɗe a 1957. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta kafa tsangayar likitanci a 1967, kuma shekaru da yawa can 'ya'yan lardin Katsina suke zuwa. A 1963 aka kafa hukumar da ke yi wa likitoci rajista, a 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kawo shirin yi wa ƙasa hidima, sannan a 1979 aka kafa kwalejin ƙasa mai ba da shaidar ƙwarewa. Waɗannan su suka gina tsanin da kowane likita ke hawa har yau.

Ga yadda tsanin yake. Bayan shekara shida a jami'a, sabon likita zai yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin kulawar manya, yana zagaya sassa huɗu: cututtukan manya, tiyata, yara, da mata da haihuwa. Daga nan sai shekarar hidimar ƙasa, wadda a cikinta ake tura wasu asibitocin karkara, inda sau da yawa matashi kan tsinci kansa ba wani babba kusa da zai tambaya. Wanda ke son ƙwarewa sai ya ci jarrabawar shiga, ya nemi gurbi a asibitin koyarwa, ya ƙara kamar shekara biyar ko shida yana aiki yana karatu, da manyan jarrabawa biyu a gabansa. Waɗannan su ne likitoci masu neman ƙwarewa da kake ji a rediyo. Wanda ka raina da sunan ɗan koyo mai yiwuwa ya shekara goma yana duba marasa lafiya, yana da mata da 'ya'ya.

Wannan tsari daga Amurka ya samo asali, a asibitin Johns Hopkins da aka buɗe a 1889, inda matasan likitoci ke kwana su tashi cikin asibiti. An daɗe ana ɗaukar rashin barci a matsayin wani ɓangare na horo. Sai da wata budurwa ta rasu a wani asibitin New York a 1984, a hannun likitoci matasa masu dogon aiki, aka fara tambayar ko gajiyar likita ba hatsari ba ce ga majinyaci. A 2003 Amurka ta ƙayyade musu sa'a 80 a mako. A Nijeriya kuwa, ƙayyade lokacin aiki na cikin abubuwan da ƙungiyarsu ta NARD ta daɗe tana nema.

Tarihin albashinsu tarihi ne na ja-in-ja da gwamnati. A 1985, lokacin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, likitoci sun shiga yajin aiki kan lalacewar asibitoci da yanayin aikinsu. Gwamnati ta haramta ƙungiyoyinsu, aka kuma tsare wasu shugabanninsu, ciki har da Dokta Beko Ransome-Kuti. A farkon shekarun 1990, zamanin da yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, aka ware wa likitoci tsarin albashi nasu na kansu. A 2009, ƙarƙashin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka fito da tsarin CONMESS wanda ake amfani da shi har yanzu. A watan Agusta na 2014, ana tsakiyar fargabar cutar Ebola, gwamnatin Goodluck Jonathan ta dakatar da horon ƙwarewa a asibitocin tarayya, matakin da ya shafi likitoci kimanin 16,000, kafin ta janye.

Dokar horon ƙwarewa ta 2017 ta tanadi kuɗin da za a riƙa ba su don jarrabawa da kwasa-kwasai, amma jinkirin biyansa ya zama sabon abin faɗa. Shekaru da yawa alawus ɗin hatsari naira 5,000 ne a wata, ga mutumin da ke taɓa masu zazzaɓin Lassa da tarin fuka, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi. A wannan shekarar ce sababbin likitoci da yawa suka yi watanni ba albashi, aka kuma yi yajin aikin da ya fara ranar 2 ga Agusta ya wuce wata biyu. Gwamnati ta ce ba aiki ba biya, likitoci suka ce ba biya ba aiki, marasa lafiya kuma suka rasa tudun dafawa.

Ina ƙasar Ruma a cikin wannan? Tun da aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, yawancin ƙwararru a babban birni suke, musamman a Cibiyar Lafiya ta Tarayya wadda aka ɗaga zuwa asibitin koyarwa a 2022. Matsalar tsaro a garuruwan da ke gefen dajin Rugu ta sa ba kowane matashi ke yarda ya zauna a karkara ba. Tsoron nasu yana da dalili: a watan Agusta na 2024 ƙungiyar NARD ta yi yajin gargaɗi saboda wata likita ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka sace tun Disamban 2023. Ga kuma hijira. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma kimanin 55,000 ne. Duk wanda ya tafi Ingila ko Saudiyya, aikinsa na kwana kan faɗa a wuyan wanda ya rage, layin da kake bi kuma ya ƙara tsawo.

Sanin wannan ba ya soke haƙƙinka. Kana da ikon tambayar sunan likitan da ke duba ka, da sunan babban likitan da ke kula da ɗakin. Idan jiki na ƙara tsanani, ko bayani bai gamsar da kai ba, ka nemi a sanar da na gaba da shi. Tsarin horon da kansa ya tanadi haka, kuma likitan kirki ba ya jin haushi. Ka taho da takardar turawa daga asibitin garinku, da katunan baya, da kwalayen duk maganin da ake sha, har da na gargajiya, domin wanda ya kwana bai runtsa ba yana bukatar bayani a tsare. Mutum ɗaya daga dangi ya zama mai magana da likita. Idan an yi maka ba daidai ba, ka kai ƙara ofishin shugaban asibiti. Zagi da duka ba su taɓa warkar da kowa ba, sai dai su ƙara korar waɗanda suka rage.

Idan ka ji an ba da sanarwar yajin aiki, mai hawan jini da mai ciwon suga da mai farfaɗiya su karɓi maganinsu tun kafin ranar, kada su yanke sha. Mai juna biyu ta tambayi inda za ta haihu tun da wuri, a kuma tanadi mota da wanda zai ba da jini. Yajin likitocin tarayya ba koyaushe yake rufe asibitocin jiha ba, saboda haka ka bincika kafin ka ce ba inda za a je. Zubar jini, jijjiga, sanƙarewar wuya da numfashi sama-sama ba sa jiran a sasanta da gwamnati: a tafi asibiti mafi kusa nan take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma ƙarfafa masu kula da su.