Aikin tebur da ciwon jiki: Abin da ya kamata a sani

A garin Likoro da ke ƙaramar hukumar Kudan, da sauran garuruwan Makarfi da Ikara a arewacin jihar Kaduna, noma ne babbar sana'a. Amma ana ƙara samun masu wuni a zaune: ma'aikatan sakatariya a Hunƙuyi, da masu buga takardu a kwamfuta, da masu harkar POS, da waɗanda ke sammako zuwa ofisoshi a Zariya.

Ana yi wa aikin kallon hutu idan aka kwatanta da gona, sai dai yana da nasa lahanin.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutane miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a duniya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da shekarar 2050. Ta ce babu larurar da ta fi shi hana mutane gudanar da harkokinsu.

Batun ba sabo ba ne. Tun farkon ƙarni na 18 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya bayyana cututtukan da ke kama magatakarda saboda dogon zama da yawan rubutu.

A shekarar 1953 kuma, binciken da Jeremy Morris ya jagoranta a London ya gano cewa direbobin bas, waɗanda ke wuni a zaune, sun fi kamuwa da ciwon zuciya a kan kwandastocin da ke hawa da sauka a cikin motocin.

Yadda ciwon ke samuwa

Idan mutum ya daɗe a zaune ya ranƙwafa, nauyi kan taru a kan ƙugu, tsokokin baya su gaji. Sunkuyar da kai ga waya ko kwamfuta na ɗora wa wuya da kafaɗu nauyi, yayin da maimaita motsi iri ɗaya ke jawo ciwon yatsu da tsintsiyar hannu.

Mai kallon allon kwamfuta ba ya yawan ƙifta ido, don haka idon kan bushe. Ƙurar hunturu na iya ƙara tsananta hakan.

Matakan kariya

Masana na ba da shawarar a zauna tafin ƙafa na taɓa ƙasa, baya kuma a jingine. Wanda ke amfani da benci ko kujerar roba zai iya naɗe tawul ya tokare ƙugunsa da shi.

Saman allon kwamfuta ya kasance daidai da ido, da tazarar kamar tsawon hannu. Ana iya ɗaga ƙaramar kwamfuta a kan littattafai, a haɗa mata madannai daban.

Abu mafi muhimmanci shi ne motsi. Ana son ma'aikaci ya miƙe ya ɗan taka duk bayan rabin sa'a ko makamancin haka. Domin ido kuwa, duk bayan minti 20 a kalli wani abu mai nisan kamar mita shida na tsawon daƙiƙa 20.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2020 sun buƙaci baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Tafiya da sauri, da hawa keke, da aikin gona duk suna ciki.

Yaushe za a je asibiti?

Yawancin ciwon baya kan lafa cikin 'yan makonni, kuma ci gaba da motsi ya fi kwanciya amfani.

Amma likitoci na gargaɗi kan sayen magungunan kashe zafi a kemis ana sha kullum. Yawan shan irinsu diclofenac da ibuprofen na iya haddasa gyambon ciki da cutar ƙoda.

Ya wajaba a garzaya asibiti idan ciwon ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko zazzaɓi da rama, domin tarin fuka ma kan kama ƙashin baya.

Mazauna yankin na da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, mai sashen gashi da motsa gaɓoɓi, da kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Me doka ta ce?

Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta shekarar 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta sanadiyyar aikinsa a Najeriya, ƙarƙashin kulawar hukumar NSITF. Masu zaman kansu kuwa, kamar masu shagon kwamfuta, galibi su ke ɗaukar nauyin jinyarsu, kuma duk ranar da ciwo ya kwantar da su babu ciniki.