Kafin Sukari Ya Zo: Tarihin Zaƙin Kaka a Ƙasar Tambuwal da Kebbe



Kwanakin baya wata ƙanwata a harkar rubutu ta turo mini babi uku na labarin da take rubutawa in duba mata. A Tambuwal labarin yake faruwa, cikin watan Oktoba, an gama yankan gero ana jiran dawa. A babi na biyu amarya ta shiga kicin don ta burge angonta. Ta fere tuffa shida, ta barbaɗa musu sukari da kirfa, ta rufe su da ƙullun fulawa, ta gasa. Na tambaye ta inda ta samo wannan girki, ta ce a YouTube ta gani, Amurkawa suna kiransa kobla, kuma da kaka suke yinsa. Ban ce ta cire ba. Tambaya ɗaya na yi mata: a wannan watan, a wannan garin, me kakar amaryar nan za ta haɗa in tana son bakin maigida ya yi zaƙi? Ta yi shiru, ni ma na ga ban da cikakkiyar amsa. Abin da na tattaro tun daga ranar shi na kawo muku a wannan mako.

Mu fara da baƙon, tunda shi ya tayar da maganar. Asalin itacen tuffa daga duwatsun tsakiyar Asiya yake, wajen ƙasar Kazakistan ta yau. Itace ne mai son sanyi, sai ya sha hunturu mai tsanani kafin ya yi fure sosai, shi ya sa ba ya yi a ƙasar Sakkwato. Turawan Ingila da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da irinsa, ya kuwa karɓe su. A watannin Satumba da Oktoba yakan nuna gaba ɗaya, har ya fi ƙarfin cin gida. Waɗannan baƙin haure ba su da kayan aikin da suka saba da su a ƙasarsu, sai tukunyar ƙarfe mai murfi. Suka riƙa zuba 'ya'yan itacen a ƙasan tukunya, su yaɓa ƙullu a sama, su ɗora ta kan garwashi, su zuba wani garwashin a kan murfi. Zuwa ƙarni na 19 sunan kobla ya shiga littattafan girkinsu. Ashe abincin da ƙanwata ta ɗauka na 'yan gayu ne, dabarar talaka ce: abu ya yi yawa, ana tsoron ya ruɓe, aka yi amfani da abin da ke hannu.

In haka ne, kakanninmu ma sun fuskanci wannan matsala, kuma sun warware ta da nasu itacen. A kudancin Sakkwato, daga Tambuwal da Dogon Daji har Kebbe da Kuchi inda gulbin Zamfara ke ratsawa ya nufi Jega, itacen da ke zubar da 'ya'ya a ƙarshen damina shi ne ɗinya, wadda Basakkwace ke kira ɗunya. Takan nuna ta yi baƙi ƙirin, ta zubo ƙasa da yawa, kuma ba ta jimawa take lalacewa. Sai mata su tsince ta a ƙwarya, su jiƙa, su murje naman ya rabu da ƙwallon, su tace, su ɗora ruwan a wuta. Ana dafawa ana juyawa har ya ƙafe ya yi kauri, ya koma baƙi mai danƙo. Wannan shi ne maɗi. Ana shansa, ana zuba shi a kunu, in kuma aka ci gaba da dafa shi aka ja shi sai ya zama alewa, wadda za ta yi watanni ba ta ɓaci ba. Bayan ɗinya sai kanya, wato kaiwa a bakin mutanen yamma, da magarya, su kuma da sanyi suke nuna. A gona akwai takanɗa, dangin dawa mai zaƙin kara. A fadama akwai rake. A kan itatuwa kuma ga amya an ɗora wa zuma. Waɗannan su ne sukarin ƙasar nan tun kafin a san kanti.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ita wannan ɗinya, da ganyenta da ɓawonta ake dafa wani nau'in tawada, a haɗa da ƙaro. Danyen tohonta kuma shi ne ɗinkin da ake kwaɗawa. Itace ɗaya ya ciyar da yaro, ya ba uwarsa sana'a, ya ba malaminsa abin rubutu. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa a littafin da aka buga a 1916, har yana bambanta yadda ake faɗa a Kano da yadda ake faɗa a Sakkwato. Ƙamusun Bargery na 1934 shi ma cike yake da irin waɗannan kalmomi. Duk marubucin da ke son sanin abin da ake ci a ƙasar nan shekaru ɗari da suka wuce, ya leƙa su.

Zaƙi na biyu ta hanyar fatauci ya shigo, kuma sunayensa ne shaida. Alkama, alkaki, alewa, gireba, sukari, har da ita kanta tuffa, duk kalmomi ne da Hausa ta aro daga Larabci. Sun biyo ayarin raƙuma da alhazai da malamai. Alkama ba ta son zafin damina, sai da sanyi ake nomanta a fadama da ban-ruwa, a 'yan ƙananan fangali. Saboda haka ta yi tsada, ta zama abincin sarakuna da attajirai da ranar biki. Wannan ne ya ba alkaki daraja. A ɓarza alkama, a kwaɓa, a bar ta ta yi tsami, a murza a naɗe, a soya, sannan a tsoma a cikin zuma. Kowane mataki kuɗi ne da lokaci. Matar da ta aika wa surukanta ƙwaryar alkaki, ta faɗa musu matsayin gidansu ba tare da ta buɗe baki ba.

Tambuwal tana kan hanyar da waɗannan kaya ke bi. Bayan jihadin da aka fara a 1804, Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a garin, ya zama ribaɗi mai tsaron kudu maso yammacin Sakkwato. Gaba kaɗan kuma ga Jega, wadda kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manya a wannan yanki a ƙarni na 19, inda fataken kudu da na arewa ke haɗuwa. Kayan yaji da ke ba nakiya ƙamshinta, irin su kanumfari da masoro da kimba da citta, yawancinsu daga nesa fatake ke kawo su. Shinkafar kuwa ta gida ce, daga fadamun gulbi. A jiƙa ta, a daka, a tankaɗe, a gasa garin, sannan a kirɓa shi a turmi da zuma da man shanu da kayan yajin nan har ya haɗe. Nakiyar da aka yi da kyau takan daɗe ƙwarai, shi ya sa ta zama guzurin matafiyi da ajiyar amarya.

Me ya sa da kaka? Saboda a lokacin ne rumbu ke cika, hannun manomi ya ga kuɗi, a ɗaura auren da aka yi ta ɗagawa tun bazara. Aure kuwa ba ya cika sai da gara, wato kayan abinci da iyayen amarya ke kai wa gidan ango, kuma nakiya da alkaki suna cikin abin da ake fara dubawa. Ku lura da bambanci a nan. Bature yana cin abin zaƙinsa bayan ya gama cin abinci, a faranti, a kan tebur. Mu ba mu da wannan al'ada. Namu zaƙin rabawa ake yi: a kai wa gwaggo, a kai wa maƙwabta, a ɓoye wa yara a cikin kwalla. Wanda aka manta ba a kai wa ba, zai riƙe abin a zuciya har shekara ta zagayo. Marubucin da ya gane wannan ya samu rikicin labari a kyauta.

Sai Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kantunan kamfanoni irin su John Holt suka bazu, farin sukari ya fara shiga ƙauye. A wannan zamani ne kuma aka shigo da injin matse rake wanda doki ke juyawa, ya fi kafuwa a ƙasar Zazzau wajen Maƙarfi, mazarƙwaila ta yi arha ta cika kasuwanni. Bayan samun 'yancin kai aka kafa masana'antar sukari a Bacita a shekarun 1960, daga baya aka yi ta Numan. Kamfanin fulawa na Apapa ya fara niƙa a 1962, da alkamar da ake shigowa da ita ta teku. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 don a noma ta gida, amma ba a jima ba aka janye hanin.

Sakamakon haka a bayyane yake a cikin kwallar amarya. Zuma ta fita daga nakiya, sukari ya shiga. Cincin da kek da dubulan na fulawa suka zauna kusa da alkaki, wani lokaci ma suka ture shi. Ban ga laifin matan da suka sauya ba. Wadda ta taɓa yini gaban tukunyar maɗi hayaƙi na cin idonta, ba za ta raina cokalin sukari ba. Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi, kuma su ne suka sha harbin. Amma sauƙin ya zo da asara. Itacen da aka daina cin moriyarsa ba mai hana a sare shi, ga masu gawayi, ga faɗaɗa gona. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya hana mata da yara shiga daji tsintar 'ya'yan itace a wurare da dama na kudancin Sakkwato. In itace ya tafi, sana'a ta bi shi, kalma ta bi sana'a. Ku gwada tambayar yaro ɗan shekara goma sha biyar a birni mene ne maɗi.

Yanzu mu koma wajen amaryar ƙanwata. Tuffar da ake sayarwa a bakin titin Tambuwal, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, yawanci daga Afirka ta Kudu take zuwa, ta sha tafiya a cikin sanyi kafin ta iso tiren mai talla. Da ɗai-ɗai ake sayenta, galibi don a kai wa marar lafiya ko a yi tsaraba. Amaryar da ta fere guda shida ta gasa a rana ɗaya ta faɗa mana abubuwa da yawa game da kanta: akwai kuɗi a hannunta, akwai waya, akwai burin ta bambanta da sauran matan gidan. Wannan labari ne mai kyau, in marubuciyar ta san tana ba da shi. Me uwar miji za ta ce in ta leƙo ta ga an dafa abin da ake kai wa asibiti? A cikin me aka gasa, tunda wutar lantarki ba ta da tabbas? Wataƙila a tukunya, da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi, kamar yadda matanmu ke gasa kek, kamar kuma yadda masu koblar na farko suka yi. Kuskuren ƙanwata ɗaya ne: ta ajiye tuffar a Tambuwal kamar a can ta tsiro, ba wanda ya yi mamaki, ba wanda ya tambayi kuɗinta.

Ta sake rubuta babin. A sabon, amarya ta gasa tuffarta, ango ya ci ya yaba don kada ranta ya ɓaci. Da daddare ta farka ta same shi a tsugune gaban kwallar da kakarta ta aiko daga Kebbe, yana gutsurar nakiya a ɓoye. Ban ƙara mata ko kalma ɗaya ba.

Aikin wannan mako ga mai so: ka nemi tsohuwa ɗaya a danginku, ki nemi kakarki ko gwaggonki, a tambaye ta abin zaƙin da aka kai mata gara da shi, da wanda ya yi shi, da abin da aka zuba a ciki. A rubuta amsar da kalmominta, da karin harshen garinku, kada a gyara mata zuwa Hausar Kano. Shafi ɗaya ya isa.

Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su amfani na baya.