Daga Dodon Bango Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Muhawara Kan Fim da 'Yan Wasa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga lokacin da hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ba a rabu da taƙaddama a kansa ba. Malaman addini da masu mulki da 'yan boko da iyaye, har da su kansu masu sana'ar, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wannan maƙala za ta bi diddigin wannan muhawara daga 1937 zuwa 2016, musamman a Kano, domin ta nuna cewa zafinta bai dogara ga abin da ke cikin fim kaɗai ba. Abubuwa biyu ne ke rura wutar: kusancin hoton da gidan Bahaushe, da kuma matsayin wanda ake gani a cikinsa, wato ko baƙo ne ko ɗan gida. Kalmomin da jama'a suka yi amfani da su a kowane zamani su ne babbar shaidar wannan magana.

2.0 Zamanin Majigi da Silima

Hausawa sun bambanta abubuwa biyu tun farko. Akwai majigi, wanda hukuma ke yawo da shi gari-gari kyauta, ana nuna shi a fili, sau da yawa a ƙofar fada, domin koyar da tsafta da noma. Fim ɗin Baban Larai na 1955 yana cikin wannan rukuni. Akwai kuma silima, wadda 'yan kasuwa, galibi Kwarori, suka gina domin neman riba. Majigi ya sami karɓuwa saboda ya zo ta hannun sarakuna, amma silima ta gamu da tsana, har aka raɗa mata sunan dodon bango.

An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa, inda ake ɗauka mazaunin baƙi ne. A ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya, ta hallaka mutum 331. Mutane da yawa sun fassara wannan musiba da cewa fushin Allah ne ya sauka a kan masu kallo. A cikin wannan yanayi ne aka gina silimar Palace a unguwar Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, sai mutanen birni suka yi bore. Abin lura a nan shi ne, shekara goma sha ana kallon fim a wajen birni ba a yi irin wannan tarzoma ba. Ƙetare ganuwa ne ya tayar da hankali.

3.0 Finafinan Indiya da Taurarin Talabijin

Finafinan Indiya sun mamaye gidajen silima na Arewa daga shekarun 1960, kuma daga baya gidajen talabijin suka shigar da su cikin gidaje, inda matan kulle suka sami damar kallo. Masu kallo sun mayar da jaruman tamkar 'yan unguwa, suka yi musu laƙabi da Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Hatta masu bege, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya, sun ari karin waƙoƙin suka ɗora yabon Annabi a kai. Duk da rawa da waƙa da ke cike da waɗannan finafinai, sukar da suka sha ba ta kai wadda aka yi wa na gida daga baya ba, domin mai rawar ba 'yar kowa ba ce a gari.

A ɓangare guda kuma, kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962 ya haifar da taurarin gida. Usman Baba Pategi ya shahara da Samanja Mazan Fama, Ƙasimu Yero da Karambana, sannan daga Jos aka sami Karkuzu. Ana kiran aikinsu wasan kwaikwayo ko dirama, kuma ana kallonsu a matsayin masu faɗakarwa cikin raha. Samanja, wanda Banufe ne kuma tsohon soja, ya gina ban dariyarsa a kan Hausar barikin soja mai gauraye da Turanci, jama'a kuwa suka karɓe ta hannu bibbiyu, saboda kowa ya san kwaikwayo ake yi. Gidajen na gwamnati ne, jigon wasannin kuma bai cika taɓa soyayya tsakanin saurayi da budurwa ba. Haka shi ma fim ɗin Shehu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an ɗauke shi abin alfahari.

4.0 Zuwan Bidiyo da Sauyin Muhawara

Al'amura sun sauya a 1990, sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Wannan ya zo daidai da cacar baki da ake yi a jaridu kan littattafan soyayya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. Da marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka mayar da littattafansu fim, sai sukar ta bi su can. Nasarar Sangaya a 1999, wanda ya fito da Ali Nuhu da Fati Mohammed, ta tabbatar wa masu shirya fim cewa waƙa da rawa irin ta Indiya su ke sayar da kaset. A wannan shekara ce mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa, kuma sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji. Shafukan wasiƙu na waɗannan mujallu sun zama dandalin yabo da suka.

A nan ne abubuwa biyun da aka ambata a gabatarwa suka haɗu: kaset ya shiga har ƙuryar ɗaki, mai rawar kuma 'yar Hausawa ce, Musulma, wadda aka san gidansu. Masu suka na cewa ana gurɓata tarbiyya da al'ada, ana kwaikwayon baƙi ido rufe. Masu fim kuma na cewa sana'a ce da ke ciyar da dubban matasa, kuma su ma faɗakarwa suke yi. Kalmar 'yan fim ta ɗauki wani nauyi na raini wanda 'yan wasan kwaikwayo ba ta taɓa ɗauka ba. Masana sun shiga maganar da taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Kano a 2003, wanda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril suka tace takardunsa suka buga a 2004.

5.0 Shigowar Hukuma

Bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a Disamba 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 wani hoton tsiraici na wata 'yar wasa, wanda ba na fim ba ne, ya bazu ta wayoyin hannu. Laifin mutum biyu ya shafi sana'a baki ɗaya: aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka tsaurara ƙa'idoji. A wannan zamani aka ɗaure Adam A. Zango a 2007, da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a 2008. A 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta Ƙaramar Hukumar Bebeji bayan malamai sun yi ca a kai, kuma a Oktoban shekarar ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ. A wannan karo masu sana'ar da kansu ne suka yanke hukuncin.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ɓangarorin biyu ba su saɓa ba a kan ma'auni. Mai suka da mai kariya duk da kalmomin tarbiyya da al'ada da faɗakarwa suke kafa hujja, kuma da wuya a ji ɗan fim ya kare aikinsa da sunan nishaɗi zalla. Saɓanin yana kan wanda ke da ikon fassara waɗannan kalmomi, ya kuma nuna wa duniya ko wane ne Bahaushe. Wannan tambaya ta shafi masana harshe kai tsaye, domin finafinan sun kai Hausar Kano har Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan, kuma yara da yawa daga bakin jarumai suke tsintar sara da karin magana. Saboda haka ya kamata nazarin Hausar fim ya sami rabonsa daga irin kulawar da aka daɗe ana ba sutura da rawa.