Wuri, Zinariya da Mari: Tarihinmu da Ke Kwance a Ƙasan Teku

Littafin tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Daga nan har zuwan Turawa, da shi ake sayen gero da kanwa, da shi ake biyan sadaki da kuɗin ƙasa, a birni da ƙauyukan kudancin Kano irin su Bebeji da Kiru. Kuma babu ko ƙwaya ɗaya da aka haƙo a ƙasarmu. Bawon wata halittar ruwa ce da ke rayuwa a tsibiran Maldib, can cikin Tekun Indiya. Mutanen tsibiran sukan shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su manne, a janyo su tudu a bar su a rana har naman ya ruɓe, a wanke bawon. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Maldib, ya ga yadda ake tara shi a can, daga baya kuma ya tarar ana ciniki da shi a Gao da Mali.

Wanda Ibn Battuta ya tarar a Gao da Mali ta Sahara ya biyo. Wanda ya cika kasuwar Kurmi kuwa yawancinsa ta ruwa ya zo. Jiragen kamfanonin Holan da Ingila sukan zuba shi a ƙasan jirgi don ya ba shi nauyi, su kewayo Afirka ta kudu har Amsterdam da Landan, a yi gwanjonsa, wasu jiragen su sake lodinsa zuwa Wida da Legas. Daga bakin teku fatake su hauro da shi ta ƙasar Yarbawa da Nufe. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da shi a kan dala ɗaya ta azurfa. A ƙasar Hausa ba a shirya shi a zare, sai dai a zube shi a ƙasa, mai ƙirga ya durƙusa yana jan biyar-biyar da yatsu, ya tara tsibi-tsibi, har a cika keso, wato wuri 20,000 a ƙunshin tabarma, kayan da ƙato guda zai ɗauka ya ji a jikinsa.

Ba duk jirgin da ya taso ne ya isa ba. Waɗanda suka nutse da kayansu su ne yau suka zama abin nema, kuma masu nemansu iri biyu ne. Akwai masu farautar dukiya, kamfanonin da ke tara jari su sayi na'urori su fita neman zinariya da azurfa don sayarwa. Akwai kuma masana kayan tarihi da suka koyi nutso, waɗanda a wurinsu fasasshen tulu da inda aka same shi ya fi tsabar zinariya daraja. A Turai da Amurka duka ɓangarorin biyu suna zagaya gidajen tarihi da zaurukan gari suna ba da lacca, jama'a su cika wuri. Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga labaran da ake bayarwa a waɗannan zauruka namu ne, alhali mu ba ma wurin, kuma ba a kawo mana su gida.

A 2003 wani mai bincike daga Jami'ar Syracuse ta Amurka, Gregory Cook, tare da hukumar gidajen tarihi ta Gana, ya yi amfani da na'urar da ke leƙa ƙasan ruwa da amon sauti ya gano wani jirgi daf da Elmina. Da masu nutso suka sauka, sai suka tarar da kayan ciniki yadda aka loda su a Turai: tasoshin tagulla an sa wannan cikin wancan, jere kamar kwanukan ɗakin amarya, ga mundayen tagulla da ake kashewa a matsayin kuɗi, ga duwatsun wuya, ga wuri. Bincike daga baya ya karkata ga cewa jirgin Groeningen ne na kamfanin Holan, wanda ya kama da wuta a 1647 yayin da yake buga igwar gaisuwa. Da ɗan kasuwa ne ya riga su, da ya kwashe tagullar ya bar sauran a warwatse, da kuwa ba wanda zai san abin da jirgi ɗaya ke kawowa mutanen Afirka ta Yamma a wancan ƙarni, da yadda Bature ya san abin da suke so ya ƙera musu daidai.

Zinariyarmu ma ta nutse. A 1995 wasu masu nutso 'yan sa-kai a gaɓar Salcombe, kudu maso yammacin Ingila, suna duba wasu tsofaffin igwogi a ƙasan ruwa, sai suka ci karo da tsabar zinariya sama da 400 masu rubutun Larabci, da gutsattsarin 'yan kunne da sarƙoƙi. Kuɗin sarakunan Maroko ne na gidan Sa'adi, da yawansu na Ahmad al-Mansur, wanda ake yi wa laƙabi da Zahabi, sarkin da rundunarsa ta ƙetare Sahara ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591 don ta mallaki hanyar zinariya. Zinariyar da aka buga kuɗin da ita daga yammacin Afirka ta fito. Waɗannan masu nutso sun yi abin a yaba: sun auna, sun zana taswirar wurin, sun sanar da hukuma, kayan kuma suka tafi gidan tarihi na Birtaniya a dunƙule. Saboda haka ne bayan shekaru masu yawa aka iya haɗa su da takardun ajiya, aka gane jirgin Holan ne mai suna Dom van Keulen, wanda ya taso daga Maroko a 1633 da ƙaro da fatun awaki da sinadarin albarushi da tsabar zinariya 9,000. Duk Bakano da ya ji an ambaci fatun awaki daga Maroko zai tuna cewa jar fatar da majemanmu suka jeme ta daɗe tana ƙetare Sahara, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko.

Sai dai labarin ba na ciniki kaɗai ba ne, kuma bai kamata mu rufe ido ba. Wurin da ya hauro arewa, da mutane aka biya mafi yawansa. Cikin waɗanda aka gangara da su bakin teku har da Hausawa, shi ya sa a Bahiya ta Brazil aka sami yunƙurin tawayen bayi Hausawa a 1807, kafin babban boren Musulmi na 1835.

A 1972 ma'aikatan Mel Fisher, shahararren mai farautar dukiya na Florida, suna neman jirgin Sifaniya Atocha da ya nutse a 1622 maƙare da azurfa, sai suka faɗa kan wani jirgin daban. Suka ɗebo wasu ƙarafa, suka ga babu zinariya, suka yi gaba. Sai a 1983 aka koma, aka tsamo ƙararrawar jirgin, aka karanta sunansa: Henrietta Marie. Jirgin bayi ne na Ingila, ya nutse a 1700 bayan ya sauke mutum kusan 190 a Jamaika. An fito da mari sama da 80 daga cikinsa. Sandar ƙarfe ce da zobba biyu masu lanƙwasa, ana zura ta a haɗa ƙafar mutum biyu, kuma wasu zobban ƙanana ne ƙwarai, ba su shiga ƙafar babba. Shekara goma sha ɗaya wannan shaida ta yi a ƙasan ruwa bayan an gan ta, don kawai ba ta da farashi a kasuwa. Fisher ya sami Atocha ɗinsa a 1985, dukiyar da aka kiyasta ta kai kimanin dala miliyan 400, aka raba wa masu jari, aka yi gwanjon wasu. A 1993 ƙungiyar baƙaƙen fata masu nutso ta Amurka ce ta je ta kafa allon tunawa a inda Henrietta Marie ya kwanta, ta fuskantar da shi Afirka.

Labarin jirgin Whydah ya fi wannan sarƙaƙiya. An sa masa sunan tashar Wida ta ƙasar Binin ta yau, kuma don safarar bayi aka ƙera shi. A farkon 1717, bayan ya sayar da mutanen da ya ɗauko, ɗan fashin teku Sam Bellamy ya ƙwace shi, sannan a ranar 26 ga Afrilu na shekarar guguwa ta kifar da shi a gaɓar Cape Cod, mutum biyu kacal suka tsira. Wani mai neman jiragen da suka nutse, Barry Clifford, ya gano shi a 1984. Cikin abin da ya fito da shi akwai kayan adon zinariya na mutanen Akan, daga cikin mafi tsufa da aka san shekarunsu, an kakkarya su an sassare don a ji daɗin rabo da awo. Clifford bai sayar da kayan ba, ya bar su wuri guda, wannan kam a ba shi haƙƙinsa. Amma da aka tashi gina katafaren wurin nuni a Boston, daga baya a Tampa, a farkon shekarun 1990, baƙaƙen fatar garuruwan suka ƙi, domin an shirya a sayar da labarin 'yan fashi ne a matsayin nishaɗi, a bi ta kan labarin bayi da sauri. Shirin ya rushe a duka biranen. Sun yi daidai.

Kudancin Kano yana da nasa rabon a babi na gaba. Tun kafin Turawa, maƙeran Riruwai, a Doguwa ta yanzu, suna narka kuza su zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Irin wannan kuza da 'yan kasuwar Ingila suka gani a bakin Binuwai ita ta ja hankalinsu zuwa tuddan Bauchi da Jos. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuza da gyaɗa da fatu suka koma bin dogo zuwa Legas, daga can jiragen kamfanin Elder Dempster su kai Liverpool. A yaƙin duniya na farko jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa sun yi wa wannan hanya ɓarna. Sun nutsar da Falaba a watan Maris na 1915, mutum 104 suka mutu. Sun nutsar da Apapa, wanda ya taso daga Legas, a watan Nuwamba na 1917, saura ƙiris ya isa gida. Bayan yaƙi na biyu, kamfanin Risdon Beazley na Southampton ya yi shekaru yana fasa jiragen da yaƙe-yaƙen suka nutsar, yana tsamo tagulla da kuza da dalma da izinin gwamnatin Birtaniya.

Akwai kuma jirgin Mendi, shi ma na Elder Dempster. A 1916 ya ɗauki sojojin Najeriya zuwa Darussalam don yaƙi da Jamusawa a Gabashin Afirka, rundunar da Hausawa suka yi yawa a cikinta har Hausa ce harshen ba da umarni. Da ya sauke su ya wuce Cape Town ya ɗebi leburorin yaƙi baƙaƙen fata. Da asubar 21 ga Fabrairu 1917, cikin hazo, jirgin Darro ya banke shi kusa da tsibirin Wight, mutum sama da 600 suka halaka. Da aka tabbatar da inda yake a 1974, masu nutso suka riƙa ɓalle tagogi da faranti suna kaiwa gida. Ƙararrawarsa ma wani ya ɗauke, sai a 2017 aka ajiye ta a ɓoye a gadar Swanage, a shekara ta gaba Firaministar Birtaniya ta lokacin, Theresa May, ta miƙa ta ga shugaban Afirka ta Kudu, Cyril Ramaphosa. Kabari ne aka yi wa wannan wawaso, kuma jirgi ne da kakannin wasunmu suka kwana a cikinsa watanni kaɗan kafin ya nutse.

To, na wa ne abin da ke ƙasan teku? A 2007 kamfanin Odyssey na Amurka ya tsamo tan 17 na tsabar kuɗi daga jirgin Sifaniya Mercedes. Kotunan Amurka suka ce na Sifaniya ne, a 2012 aka kwashe su zuwa can. Ƙasar Peru, wadda aka buga yawancin kuɗin a cikinta, ta nemi haƙƙinta ba ta samu ba. Mai tutar jirgi ya ci, mai ƙasar da aka haƙo arzikin ya tashi a tutar babu, kuma da zinariyar Afirka ce ke cikin jirgin, da irin hukuncin da za mu ji ke nan.

Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta hana cinikin kayan tarihin da suka shekara 100 a ƙarƙashin ruwa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da ita, tun 2005. Sa hannu a takarda abu ne mai sauƙi. Gaɓar tekunmu ta kai kimanin kilomita 850, ta haɗa Badagry da Legas da Bonny da Kalaba, tashoshin da jiragen bayi da na manja suka yi ɗaruruwan shekaru suna shiga da fita. Tsaron abin da ke kwance a wurin sai da mutanen da suka iya nutso kuma suka iya karanta abin da suka gani. A Senegal, Farfesa Ibrahima Thiaw na Jami'ar Cheikh Anta Diop ya koya wa ɗalibansa nutso, suna bin ƙasan ruwan tsibirin Gore da kansu suna neman jiragen bayi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ibadan duka suna da sashen nazarin kayan tarihi da za a iya ɗora irin wannan aiki a kansa, Gidan Makama kuma yana da filin da za a tara ɗaliban Tudun Wada da na Doguwa a ba su labarin Mendi da na Elmina da Hausa.