Ji da Bi: Nazarin Kalmomin Biyayya a Wasiƙar Romawa da Karin Maganar "Bin Na Gaba Bin Allah"

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin kalmomin Girkanci da Bahaushe yake tattarawa a ƙarƙashin kalma ɗaya, wato biyayya. An gano cewa Manzo Bulus ya yi amfani da kalmar hupakuwo da sunanta sau 11 a Wasiƙar Romawa, amma ko sau ɗaya bai sa ta a sura ta 13 ba, inda yake maganar hukuma. A kan haka maƙalar ta ƙi yarda da wa'azin da ke jingina karin maganar "bin na gaba bin Allah" ga wannan sura.

1.0 Gabatarwa

A gidan Bahaushe ladabi da biyayya tagwaye ne, da wuya a kira ɗaya a bar ɗaya. Yaro yana bin na gaba da shi, mai unguwa yana bin dagaci, dagaci yana bin hakimi, har a kai ga sarki. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS da abokan aikinsa suka daɗe suna yi. Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ta koma Wusasa a 1929. Wato littafin ya shigo hannun mutane ne a zamanin En'e, zamanin haraji da jangali, lokacin da kalmar biyayya ta fi yawo a bakin masu karɓa fiye da bakin masu bayarwa.

Na sha zama a sujada inda mai wa'azi ya karanta Romawa 13, ya rufe littafi, ya ce da jama'a ai ko Bahaushe ya faɗa, bin na gaba bin Allah. Sai a amsa da amin. Tambayar wannan bincike ita ce ko abin da Bulus ya rubuta ke nan.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Masu ɗaukar Romawa 13 a matsayin umarnin bi ba tambaya suna da dogon tarihi, kuma da su nake ja. Martin Luther ya rubuta littafi a 1523 yana shata wa hukumar duniya iyaka, cewa ikonta bai kai ga ran mutum ba. Shekara biyu kacal bayan haka, da manoman Jamus suka tayar da ƙayar baya a 1525, sai ya ɗauko wannan sura ya miƙa wa sarakuna ita, aka kashe manoma dubbai. Bayanin bangaskiya na Ogsbog na 1530 ya mayar da togaciyar, ya kafa hujja da Ayyukan Manzanni 5:29, amma tabon bai goge ba. A zamanin Hitila, masu kiran kansu Kiristocin Jamus sun sake hawa wannan doki. Abin lura shi ne, da Karl Barth da 'yan'uwansa suka tsara Sanarwar Barmen a watan Mayu na 1934, sashen da ya yi maganar gwamnati da 1 Bitrus 2:17 aka buɗe shi, inda aka ware wa Allah tsoro, aka ware wa sarki girmamawa. A Afirka ta Kudu ma, Takardar Kairos ta 1985 ta zargi gwamnatin wariyar launin fata da fakewa da Romawa 13. Ko a 2018 babban lauyan gwamnatin Amurka, Jeff Sessions, da ita ya kare raba 'ya'yan baƙin haure da iyayensu. Kowane mai iko ya san inda surar take, ko da bai san sauran littafin ba.

A ɗaya ɓangaren, John Howard Yoder a 1972 da C. E. B. Cranfield a sharhinsa na 1979 sun nuna cewa kalmar da Bulus ya zaɓa ba daidai take da bin umarni ba. Na yarda da su. Sai dai da Ingilishi suka yi muhawararsu, harshen da ba ya fama da matsalar da Hausa ke fama da ita.

3.0 Hanyar Bincike

An yi aiki da matanin Girkanci na Nestle-Aland, bugu na 28 na 2012. An ƙirga duk wuraren da kalmomin suka fito, aka duba wa ake yi wa kowacce, sa'an nan aka gwada su da yadda Hausawa ke magana.

4.0 Sakamakon Bincike

Kalma ta farko ita ce hupakuwo. An gina ta ne a kan akuwo, wato ji. Sunanta, hupakowe, ya fito sau 15 a Sabon Alkawari, bakwai daga ciki a Romawa: 1:5, 5:19, sau biyu a 6:16, sai 15:18, 16:19 da 16:26. Aikatau ɗin kuma ya fito sau huɗu a wasiƙar, a 6:12, 6:16, 6:17 da 10:16. Da wannan kalma Bulus ya buɗe wasiƙar, da ita ya rufe, duk biyun yana haɗa ta da bangaskiya. Da ita ya bayyana aikin Almasihu a 5:19, inda ya gwama ta da kishiyarta, parakowe, wadda ita ma daga ji aka gina ta: ƙin ji, kunnen ƙashi irin na Adamu. A 10:16-17 har wasa ya yi da kalmomin, ya ɗaura rashin biyayya ga bishara da maganar cewa ta wurin ji bangaskiya take samuwa.

Wurin da ya fi buɗe mini ido ba a Romawa yake ba. A Ayyukan Manzanni 12, Bitrus ya kuɓuta daga kurkukun Hirudus da dare, ya zo gidan Maryamu uwar Yahaya Markus, inda 'yan'uwa suka taru suna yi masa addu'a. Ya ƙwanƙwasa ƙofar zaure. Wata baiwa mai suna Roda ta taso, kuma kalmar da Luka ya sa wa tasowarta a aya ta 13 ita ce hupakuwo. Babu wanda ya ba Roda doka, babu bulala a kanta. Ta ji bugu, ta matso ta kasa kunne, ta gane muryar, murna ta ɗebe ta har ta ruga ciki ta bar mutumin tsaye a waje yana ta bugu. Kalmar da ake fassara biyayya ita ce kalmar amsa sallama. Wanda ya taɓa zama a cikin gida da dare ya ji an yi sallama a zaure, ya tsaya ya tantance muryar kafin ya zare sakata, ya san abin da ake nufi. Sai ka san murya kake buɗewa.

Tsohon Alkawari ma haka yake. Ibrananci yana amfani da shama, ji, a inda muke cewa biyayya. Ita ce kalmar farko ta shahadar Isra'ila a Maimaitawar Shari'a 6:4. Ita ce kuma a 1 Sama'ila 15:22, inda annabi ya fifita jin muryar Ubangiji a kan hadayar da Saul ya fake da ita, alhali kukan tumakin da ya ƙi hallakawa yana tona masa asiri. A nan Hausa ta fi Ingilishi kusa da asali. Uwa ba ta cika cewa ɗanta yana da biyayya ba, cewa take yi yana jin magana. Gagararre kuma, ba ya ji. In ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba. Abin da malaman Turai suke tonowa daga ƙamus, yana bakin kowace uwa a Wusasa.

To, mutumin da ya yi amfani da wannan kalma sau 11, da ya iso maganar hukuma sai ya ajiye ta. A 13:1 da 13:5 hupotaso ya sa. Tushenta taso ne, jera abu a sahu, kamar yadda ake jera mayaƙa. A ayoyi biyu na farko kaɗai kalmomi huɗu ne suka fito daga wannan tushe: shiga ƙarƙashin tsari, hukumomin da aka tsara, tsarin Allah, da antitaso. Wannan ta ƙarshe ita ce kishiyar, kuma Hausa tana da daidai da ita, ja daga. Abin da Bulus ya hana shi ne a ja daga da hukuma. Ga dalilinsa a fili: wajen shekara ta 57 ya rubuta wasiƙar daga Koranti, Nero yana kan mulki tun 54, Yahudawan da Sarki Kalaudiyas ya kora daga Roma ba su daɗe da komowa ba, kuma marubucin tarihi Tasitus ya ba da labarin koke-koken jama'a na shekara ta 58 kan masu karɓar kuɗin fito. Shi ya sa maganar ta ƙare a kan haraji da kuɗin fito a ayoyi na 6 da 7. Ƙaramar ikilisiya ce ake gargaɗi kada ta ba da ƙofar da za a murƙushe ta.

Cewa hupotaso ba bin umarni ba ce kai tsaye, Afisawa 5:21 ta isa shaida, domin a can an ce masu bi su yi wa juna ita, kuma mutum biyu ba sa ba juna umarni su bi a lokaci guda. Manzanni sun nuna bambancin a aikace. A Ayyukan Manzanni 5 majalisa ta hana su wa'azi, suka ce Allah ne ya fi cancanta a bi. Aka yi musu bulala, suka kwanta suka sha, ba su tara jama'a sun ƙona majalisa ba. Aka sake su, suka koma Haikali suka ci gaba. Haka Shifra da Fu'a, unguwarzoman da suka ƙi kashe jarirai don Fir'auna, haka Daniyel da tagarsa a buɗe. A ƙasar Hausa mun san irin wannan mutum: ya tuɓe takalmi a ƙofar fada, ya durƙusa, ya ce ranka ya daɗe, ya biya harajinsa, amma in aka ce ya yi shaidar zur a kan gonar maraya sai ya ce a gafarce shi, ko da za a ɗaure shi. Ladabinsa cikakke ne. Kunnensa kuwa na wani ne. Akbishop Janani Luwum na Yuganda, wanda ya kai wa Idi Amin takardar koke kan kashe-kashe aka kuma kashe shi a Fabrairun 1977, a wannan sahu yake.

Bari in ɗan ratse, domin ba gwamnati kaɗai ke cin moriyar karin maganar ba. Shugabannin ikilisiya ma suna jawo Ibraniyawa 13:17 su nemi a bi su ido rufe. Kalmar farko a can ba hupakuwo ba ce, daga peito take, wadda ke ɗauke da ma'anar gamsuwa da amincewa. Wanda yake so a gamsu da shi, sai ya kawo hujja.

5.0 Iyakokin Binciken

Dole in amsa wasu abubuwa, ko da ba su yi mini daɗi ba. James Barr ya yi gargaɗi tun 1961 cewa asalin kalma ba shi ne ma'anarta ba, kuma gaskiya ne cewa iska da teku ma sun yi wa Yesu hupakuwo a Markus 4:41, ba su kuwa da kunne. Afisawa 6:1 da 6:5 sun ɗora wa 'ya'ya da bayi wannan kalma game da mutane 'yan'uwansu. Titus 3:1 kuma ta haɗa hupotaso da peitarkewo, wato bin umarni, a kan masu mulki, kalmar da Bitrus ya yi amfani da ita game da Allah a gaban majalisa. Ban kuma yi ƙidayar wa'azi a coci-coci ba, abin da kunnena ya ji na dogara da shi. Duk da haka hujjata ba a kan asalin kalma kaɗai ta tsaya ba. A kan zaɓin marubuci ɗaya take a cikin wasiƙa ɗaya, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya mayar da hupakuwo cikin sura ta 13.

6.0 Shawara

Karin maganar tana da gurbinta a tarbiyyar gida, amma ba fassarar Romawa 13 ba ce, domin ta mayar da na gaba da Allah abu ɗaya, Bulus kuwa bawan Allah ya kira mai mulki, har sau biyu a aya ta 4. Ina kira ga masu aikin fassara da malaman makarantun tauhidi irin su TCNN ta Bukuru su raba kalmomin nan a Hausa: a bar jin magana ga hupakuwo, a nema wa hupotaso abin da ya fi kusa da ladabi da zama a ƙarƙashin tsari. Mai wa'azi kuma, in ya karanta wa jama'a Romawa 13 da safe, ya karanta musu Ayyukan Manzanni 5 kafin a tashi.